Inda Allon Napari Ya Tsaya

A garinmu Zantiyili akwai masu suna Napari da dama, amma in ka ce Napari Allo ko akuya za ta nuna maka gidan. Shi ne dogon nan mai babur ɗin ɗaukar kaya mai ƙafa uku, wanda in ka gaishe shi a kasuwa sai ya amsa yana kallon taya, kamar ita ta yi gaisuwar. Da ba haka yake ba. Da mutum ne mai baki, in ya ɗauko labarin Kumasi sai shayinka ya huce a hannu ba ka kurɓa ba.

Uwarsa, Mma Tipaga, 'yar makaɗa ce. Ubanta da kalangu a hammata ya tsufa, kakanta ma haka. Kowa kuwa ya san ƙa'ida: 'yar makaɗi in ta yi aure a waje, dole cikin 'ya'yanta maza ta mayar da ɗaya gidan kalangu. In ta ƙi, kalangu zai zo karɓar haƙƙinsa da kansa, ko a jikinta ko a jikin 'ya'yanta. Mma Tipaga ba ta ƙi ba. Napari yana ɗan yaro ta kama hannunsa ta kai wa yayanta Dokurugu, babban makaɗin garin, ta ce ga nasu nan.

Matsalar ita ce ba a tambayi Napari ba. Ya zauna a tabarmar kawunsa har ran da sandan kiɗa ya sauka a tsakiyar kansa karo na farko, sai ya ga kamar boko ya fi sauƙi. Ya taɓa boko kaɗan, ya ga can ma ana duka. Ya taɓa kafinta kaɗan, ya buge yatsa. Wata safiya ya haye bayan motar doya, sai Kumasi. Can ya yi dako, ya yi yaron mota, ya sayar da rigunan waya a bakin titi, ya yi aure ya fita, har furfura ta fara leƙowa ta gefen kunne. Da ya dawo gida, abin da ya zo da shi babur ɗin nan ne da wata tabulet mai tsagaggen gefe, wadda tsofaffin matan unguwa suka kalla sau ɗaya suka ce allo ce. Sunan ya zauna.

Allon ya ba shi matsayi, gaskiya. A Zantiyili sabis ba ya sauka ƙasa, sai ka hau surin da ke bayan firamare, nan ma iyakarsa ka ce "kana ji na?" a ce maka "ba na jin ka". To shi Napari duk ran da ya kai kaya Tamale, sai ya raɓe jikin katangar wani otal. Maigadin wurin ya taɓa cin arzikinsa, ya kai masa kwanon rufi kyauta, shi ya sa ya raɗa masa lambar sirrin intanet ɗinsu. Nan zai zauna a inuwa ya yi ta sauke bidiyo cikin allo: dambe, ƙwallo, wa'azi, masu faɗowa daga kan babur. Ya dawo ya jingina allon a teburin mai shayi, gari ya taru. Ba wanda ke zama a kujerarsa.

A gida kuwa, idon Mma Tipaga yana rufewa. An kai ta asibiti a Tamale, likita ya ce yanar ido ce ta tsufa, aiki ne ƙarami, a kankare ta gani. Ta ce ta ji, Allah ya saka. Suna fitowa ta ce a mayar da ita gida.

"Mma, mutumin nan fa ya ce za ki gani."

"Me zai kankare? Abin ba a idon yake ba." Ta juya fuskarta inda take jin muryarsa. "Na kai wa kalangu ɗa, ɗan ya gudu. Ran da na ji ka a fili kana kiran kakannin mutane, ka zo ka ɗauke ni a wannan amalanken naka, su yanka duk inda suka ga dama. Kafin nan kada ka ƙara yi mini zancen."

Ya yi lallashi, ya yi fushi, ya turo limami. Ba ta motsa ba. Da ya ga haka sai ya je gidan kawunsa, ya cire takalmi ya tsuguna.

"Kawu, barka da hantsi."

"Naa," kawun ya amsa gaisuwar. "Mutanen Kumasi, an tuna da mu?"

Ya faɗi abin da ya kawo shi. Dokurugu ya tsufa, maƙogwaronsa ya lalace, magana ma sai ka matso kake ji. Bai yi masa gori ba. Cewa kawai ya yi, "Ka zo bayan la'asar. Akwai tabarma."

Bayan la'asar ya zo, amma bai ƙarasa ba. Daga bayan bishiyar dalbejiya ya leƙa, ya ga tabarmar. Yara ne zalla, wasu ko wando babu, majina har baki, kowa da ɗan kalangunsa kamar ludayi, suna maimaita abin da tsoho ya raɗa. Yana shirin sulalewa sai muryar Azimpaga ta tsaga unguwa. Ita ce 'yar Dokurugu, mai koko a bakin hanya, taubashiyarsa, wadda tun suna yara ba ta taɓa barinsa ya wuce lafiya ba.

"Lale da mijina! Aji ɗaya aka zo shiga? Yara, ku matsa wa kakanku. Ka taho da wandon canji dai ko? Baba har yanzu yana duka!"

Matan da ke daka suka kwashe da dariya. Napari ya ce ai shi wucewa yake yi, man babur ya zo nema. A unguwar makaɗa, inda ko keke babu.

Bayan wannan ne, wata rana a jikin katangar otal, ya rubuta sunan garinmu a allo don wasa, ya ga ko duniya ta san da mu. Sai ga bidiyo guda. Bikin mutuwar tsoho Sheini ne, mahaifin Mba Ziblim mahauci, wani ɗan gidan da ke zaune a Accra ya ɗauka tun shekarun baya ya ɗora. Ya danna. Ga Dokurugu nan tsaye a tsakiyar fili, gemu baƙi wuluk, murya kamar a ji ta a gari na gaba, yana jero kakannin gidan mahauta tun daga na farko, makaɗa suna amsa masa.

Napari ya matso da allon dab da fuskarsa. Sai kuma dabara ta faɗo masa. Ga malami wanda ba ya duka, ba ya gajiya, ba shi da 'ya mai koko. Ya danna saukewa. Layin yana tafiya, yana tafiya, ya kusa kai ƙarshe, sai wuta ta ɗauke. Aka tayar da janareta, amma intanet ɗin bai dawo ba, mai kaya kuma yana ta doka masa kira. Ya duba, ya ga bidiyon yana buɗewa. Ya ce ai shi ke nan.

Ya sauko da kalangun kakansa daga inda uwarsa ta rataye shi, ya ce gyara zai kai. Ya nufi bukkar gonarsa, inda ba mai jinsa sai zabi. Ya jingina allo a jikin tulu ya zauna gabansa. Duk daminar nan haka ya yi. Ya kunna, ya tsayar, ya maimaita, ya koma baya. Wane ya haifi wane, ga kirarinsa, kalangu ya amsa. Kan Napari ba ya riƙe karatu, amma yana riƙe murya. Ya kwashe komai: inda tsoho ke jan numfashi, inda yake karya murya, har wani ɗan tari da ya yi bayan kaka na uku, shi ma ya haddace shi, don bai san ba ya cikin waƙar ba.

Sai dai bidiyon yana da iyaka. Yakan gangaro lafiya har kan Dawuni, kakan Mba Ziblim, ya yi masa kirarinsa tsaf, sa'an nan Dokurugu ya ɗaga kai ya ce, "Dawuni ya haifi..." Nan hoton ke daskarewa, baki a buɗe, sanda a sama. Duk sanda aka zo nan, Napari yakan miƙa yatsa ya mayar da shi farko.

Ya koma Tamale don ya sauke ragowar. Ya nema sama da ƙasa, aka rubuta masa cewa mai bidiyon ya cire shi. Ya zauna jikin katangar yana lissafi. Dawuni ya haifi Sheini, wannan ko jariri ya sani. Kirarin Sheini ne babu. Wa zai tambaya? Duk wanda ya sani yana unguwar makaɗa, kuma tambaya ɗaya za ta tona shi. Ya ce a ransa, abin da ya rage ai ɗan kaɗan ne, in an zo wurin baki zai san abin yi. Bakinsa bai taɓa ba shi kunya ba a Kumasi.

Da kaka ta yi, sarkin gari ya ce Mba Ziblim zai zama sarkin pawa. Ba kowa ya yi murna ba. Gidan Iddi, 'yan'uwansa ta wani ɗakin, su ma sun nema, kuma suna da tsohuwar magana da suke fitarwa duk sanda rai ya ɓaci: wai uwar Sheini da cikinta ta shigo gidan Dawuni, don haka Sheini da zuriyarsa cin arziki suke yi. Ba mai faɗin haka a fili. Abin da ke rufe bakin kowa shi ne kalangu, don abin da makaɗi ya kira a gaban jama'a shi ne ya zauna. Ranar naɗi dole a gangaro da gidan tun daga sama har kan mai sarauta, ba tsallake, ba tuntuɓe.

Ga shi kuwa Dokurugu ba murya, ɗansa da ke yi masa waƙa ya tafi kudu haƙar zinariya. An fara zancen aro mawaƙi daga garin maƙwabta, abin da ba a taɓa yi ba. Nan Napari ya shigo da kalangu a kafaɗa, ya tsuguna.

"Kawu, ba sai an je aro ba."

Tsoho ya dube shi. Azimpaga da ke wanke ƙwarya ta ce, "Yau kuma wace cutar ce ta tashi?"

Napari ya miƙe, ya matse kalangu, ya buɗe baki. Ƙwaryar ta suɓuce daga hannun Azimpaga. Tsofaffin makaɗa suka fito daga ɗakuna. Dokurugu ya runtse ido, leɓensa yana bin waƙar, hawaye na gangarowa cikin gemu. Ba a kai ko rabi ba ya ɗaga hannu.

"Ya isa. Wa ya koya maka?"

"Jini ne, Kawu." Ya sunkuyar da kai kamar mai tawali'u. "Da kuma wasu tsofaffi can Kumasi."

"Ikon Allah," in ji Azimpaga, tana kallonsa ta gefen ido. "Jinin nan da ƙarfi yake. Har tarin Baba ka gada?"

Aka yi dariya aka wuce. Mma Tipaga da ta ji labari, ta sa aka buɗe akwati aka fito da rigar saƙin ubanta, ta shafa ta da hannu ta miƙa masa. Ta ce ya sa a wanke bayan babur, washegarin naɗi za su Tamale. A nan ne ya kamata ya yi magana. Ya karɓi riga ya ce ta yi masa daidai.

Ranar naɗi da hantsi fili ya cika a ƙofar gidan sarki. Mba Ziblim, mutum mai jiki da sanyin hali, wanda bai taɓa tauye wa kowa awo ba, yana zaune kan buzu cikin sabuwar riga, 'ya'yansa a bayansa. Gidan Iddi suna can gefe guda, fuska ba yabo ba fallasa. An kawo Mma Tipaga an zaunar da ita gaba-gaba. Makaɗa suka jeru, Dokurugu a tsakiya, Napari a gabansu.

Ya fara, kuma wallahi ya yi kyau. Muryar Dokurugu ce ta da ta dawo cikin dogon mutum. Ya kira kaka na farko, wanda ya shigo garin da wuƙa a ɗamara da sa a gaba, kalangai suka amsa. Mata suka rangaɗa guɗa. Aka fara tasowa ana manna masa sulalla a goshi, wani ma takardar kuɗi ta sidi ya liƙa. Ya yi tarinsa a inda ake tari. Ya gangaro, ya gangaro, ya iso kan Dawuni, ya yi masa kirari har tsofaffi suna gyaɗa kai. Ya ɗaga kai kamar yadda ya gani sau ba adadi.

"Dawuni ya haifi..."

Bakin ya tsaya a buɗe.

Makaɗa suka ɗaga sanduna suna jira. Sunan Sheini yana kan harshensa, amma sai a lokacin ya gane abin da bai lissafa ba a jikin katangar otal: kalangu ba ya amsa suna tsirara. Ɗan gida da kirarinsa ake kiransa. Wanda ake kira da suna kawai, baƙo ne da aka ba masauki. In ya faɗa ya zagi mutumin, in ya yi shiru ya zage shi. Waɗanda ke kusa sun rantse sun ga yatsansa ya miƙe a iska yana neman abin dannawa.

Da ruɗewa ta kai masa ko'ina, sai ya yi abin da ya saba yi a bukka. Ya koma farko.

Makaɗa suka bi shi, don ba yadda za su yi. Mutane suka ce ko salo ne na Kumasi. Ya sake gangarowa, gumi na ɗiga, sulallan goshi suna zubewa ƙasa, yana addu'a ko ƙasa ta tsage kafin a iso. Ba ta tsage ba. Tari ya zo ya wuce. Dawuni ya zo.

"Dawuni ya haifi..."

Wannan karon shirun ya fi na farko nauyi. Sau ɗaya mantuwa ce, sau biyu magana ce. Daga ɓangaren gidan Iddi wata mata ta saki guɗa ita kaɗai, doguwa, mai daɗi. Dokurugu ya yunƙuro ya buɗe baki don ya ƙarasa, jijiyoyin wuyansa suka tashi, ba abin da ya fito sai iska. Mba Ziblim ya sunkuyar da kai yana kallon hannuwansa, babbar 'yarsa ta rufe fuska da mayafi. Mai magana da yawun sarki ya yi maza ya ƙarasa naɗin a gurguje, ba rawa. Naman dai an ci, don a garinmu ba a fushi da nama.

Kafin la'asar labari ya gama gari: gidan Iddi sun sayi Napari. Wasu suka ce da sabuwar taya, wasu suka ce da buhun masara. Gidan Iddi, da ba su san hawa ba balle sauka, suka ga abin ya yi musu daɗi, har suka aiko masa da cinyar akuya. Ya tattara ya koma bukkar gona.

Abin da ya fi ba shi kunya can cikin ransa shi ne, ya ga sunan munafuki ya fi masa sauƙin ɗauka. Munafuki ko ba komai ana tsoronsa. Amma a ce ƙato da furfura ya bar kawunsa da rai, gida kaɗan tsakaninsu, ya je ya durƙusa wa gilashi a gona? Gara a ce taya ce.

Yana zaune da rana tsaka, ya kunna allon ba don komai ba sai sabo, sai inuwa ta rufe ƙofar bukka. Azimpaga ce da kwanon tuwo a ka. Ta tsaya. Muryar ubanta ta da tana cika bukkar. Tunda Napari ya san ta, ranar ce kawai ya ga bakinta a rufe. Ta ajiye kwano ta tsuguna tana kallo har hoton ya daskare. Ta share ido da bakin zane, ta ja majina.

"To. Ga tsofaffin Kumasi."

Ta juyo ta dube shi.

"Kai dai an yi asarar tsawo. Gidanmu da nan wanne ya fi nisa? Ni da nake dama koko na san kirarin Sheini, da ka saya na sidi ɗaya da na ba ka shi gyara."

"Da kin yi mini dariya."

"Da na yi mana! Ni kaɗai, a bakin hanya. Yanzu fa?" Ta tura masa kwanon. "Ci, kada ka mutu ka bar ni da takaba. Mba Ziblim bai fito da nama ba tun ranar. An bi jikokinsa da waƙa a hanyar rijiya. Gwaggo kuwa ta juya fuska bango, ta ce kada a ƙara ambata mata asibiti, wai gara da ba ta ga fuskarka a filin nan ba. Sai ka zaɓa, mijina. Ko ka zauna a mugu, ko ka fito a wawa."

Ya ture kwanon gefe. Bayan la'asar ya ɗauki allo ya bi ta tsakiyar gari. Yara suna kan tabarma. Ya cire takalmi ya tsuguna, ya gaida kawunsa, ba a amsa ba. Ya kunna allon ya ajiye a gabansa.

Dokurugu ya daɗe yana kallon kansa. Ya kai hannu ya taɓa gemun da ke cikin gilashi, ya taɓa nasa. Da aka zo wurin tari ya ce, "Hayaƙin masu gashi ne ya shiga mini ranar." Hoton ya daskare. Tsoho bai tsaya ba, ya ci gaba da raɗa, sai da Napari ya rarrafo ya kai kunne dab da bakinsa sa'an nan ya ji. Abin da ya rage ɗin ba kaɗan ba ne. Sheini kaɗai yana da kirari mai tsawon zance.

"Wannan malamin naka," in ji tsoho, "in ka yi kuskure yana ji?"

"A'a, Kawu."

"Yana tambayarka ina ka tsaya?"

"A'a."

"Zauna."

Ya duba tabarmar. Yaran suka matsa, suna danne dariya har kafaɗunsu na rawa. Ya zauna a bakin gefe, gwiwoyinsa sun kusa taɓa kunnuwa. Bai yi nisa ba ya tsallake kalma, sanda ya sauka a daidai inda ya sauka tun yana yaro. Daga bakin hanya Azimpaga ta ce, "Baba, a ƙara masa ɗaya, nawa ne!"

Da ya iya, Dokurugu ya ce saura biya. Inda aka ɓata a nan ake gyarawa, gaban mutane, kuma kafin ya buɗe baki da waƙa sai ya buɗe shi da gaskiya. Ranar kasuwa suka jeru gaban rumfar Mba Ziblim, wanda ya fito ranar don kawai sarkin pawa ba ya rasa kasuwa. Jama'a suka taru tun kafin a taɓa kalangu.

Napari ya ɗaga allo sama da hannu biyu, ya juya shi kowa ya ga Dokurugu da baki a buɗe. Ya ce ba wanda ya saye shi, ko taya ko masara. Ya ce a nan ya koya, nan kuma wuta ta ɗauke, shi ya sa shi ma ya ɗauke.

Wani mai doya ne ya fara fashewa da dariya. Daga nan ba a iya tsayar da kowa ba. Mata suka riƙe ciki, wani tsoho ya zame daga kan benci, mai shayi yana ihu, "A sa shi a caji! A kai shi kan suri ko zai kama!" Napari yana tsaye cikin rigar kakansa, yana jin kowace dariya tana sauka a fatarsa. Bai gudu ba. Wannan kam a rubuta masa.

Da aka lafa, ya matse kalangu ya ɗauko daga farko. Bai yi tari ba. Da ya iso kan Dawuni, kasuwa duka ta riƙe numfashi, har masu dariyar.

"Dawuni ya haifi Sheini! Sheini mai kafaɗar ubansa, mai tafiyar ubansa. Sheini da ya kayar da sa a shekarar yunwa, ya raba gida-gida, bai tambayi kowa kuɗi ba. Sheini ya haifi Ziblim!"

Kalangai suka amsa gaba ɗaya, har ƙudajen rumfa suka tashi. 'Yar Mba Ziblim ta yi guɗar da ta riƙe tun ranar naɗi. Shi kuwa mai sarautar bai daina sara ba, bai ɗago ba, sai dai an ga ya sari wuri ɗaya ya fi a ƙirga. Da aka gama, ya jawo harshen bijimi, ya naɗe a takarda, ya miƙo ba tare da ya dubi Napari ba.

"Kai wa uwarka. Ka duba da kyau, cikakke ne. Mu ba ma ba da rabi."

Mma Tipaga ba ta je kasuwa ba, amma daga ɗakinta ana jin kalangu. Da ya shigo ya tsuguna, ta bar shi a tsugune har ƙafarsa ta yi sanyi.

"Muryarka ba ta kai ta yayana ba," ta ce.

"Haka ne, Mma."

"An wanke amalanken?"

Aka shimfiɗa mata katifa a bayan babur, Azimpaga ta riƙe mata lema har Tamale, tana gaya wa duk wanda suka wuce cewa direban ɗan aji ɗaya ne, a yi hattara. Ran da aka cire audugar idon, Mma Tipaga ta dubi ɗanta sama da ƙasa, ta ce ashe haka ya tsufa. Sa'an nan ta ce a nuna mata abin da ya jawo mata magana. Ya kunna, ya kai wurin. Ta daɗe tana kallon yayanta da baƙin gemu.

"Rufe masa baki mana," ta ce. "Ƙuda zai shiga."

Har yau Napari yana sauke dambe da ƙwallo, sai dai yanzu ba ya tashi daga jikin katangar nan sai layin ya cika, ko mai kaya zai tsine masa. Gidajen da ya haddace ba su da yawa, akwai maƙera da masaƙa da gidan liman duk suna gaba. Bayan la'asar in ka bi ta unguwar makaɗa za ka ga kai ɗaya ya yi sama da sauran a kan tabarma. Kada ka gaishe shi a wurin. Ba zai amsa ba, kuma yaran za su fara dariya.